Rufin da Na Ce Zai Tashi

Zuwa ga kurciyata mai taurin kai, ruwan randar da ya ƙi shayuwa, inuwar da ta tashi ta bar mai ita a rana, uwar 'ya'yana, farin watan da ya shekara tara bai leƙo tsakar gidana ba!

Ba zan fara da gaisuwa ba. Gaisuwa tara na aiko miki, kowace shekara ɗaya, duk sanda hadarin farko ya haɗo, ko "yauwa" ba ki mayar mini ba. Wanda ya yi sallama sau tara a ƙofa ɗaya ba a amsa masa ba, in ya yi ta goma ba ladabi ba ne, rashin zuciya ne. Ni kuwa kin san zuciya ce ta hana ni ƙiba har na kai saba'in da ɗaya. Don haka ki riƙe gaisuwarki, in riƙe tawa, mu shiga magana.

Na faɗa muku rufin nan zai tashi. Na faɗa ko ban faɗa ba?

Shekara tara maganar nan tana tsaye mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Ki tuna ranar da yayanki ya gama gininsa, ɗaki huɗu da shago a gaba, ya kira dangi ganin gida. Mijin ƙanwarsa kafinta ne, ya shekara arba'in a kan tsani, amma ya tsallake ni ya ɗauko masu rufin sha-yanzu-magani-yanzu, waɗanda ke gama gida a kwana biyu suna fito. Na haɗiye wannan. Wallahi na haɗiye, har na sa sabuwar riga na raka ki. Amma da na shiga na ɗaga kai, sai na ga katakon rufi zaune a kan bulo kamar baƙon da bai yi niyyar kwana ba. Ƙusa biyu biyu aka soka masa, shi ke nan! Babu langa-langa ko ɗaya. Ni a hannun wanda ya koya mini sana'a, kafin a ɗora katako sai an binne langa-langar ƙarfe layi uku cikin bulo, a naɗo ta a wuyan kowace rafta, wato katakon da ke ɗauke da kwanon rufi, a kafe ta da ƙusa huɗu, a lanƙwashe bakin ƙusar. Rufi ba hula ba ne da ake ɗorawa a tafi. Ɗaure shi ake yi kamar dabbar da ta san hanyar gudu.

To na faɗa. Na yarda da ƙarfi na faɗa, a gaban baƙi, kuma na yarda kalmar "kejin kaji" ta fita daga bakina. Sai kika ja hannun rigata, ke da na aura tun gashina yana baƙi, kika ce, "Kan-guduma, yi shiru mana, hassada ba ta yi maka kyau." Hassada! Da mari kika yi mini a gaban mutanen nan da ya fi sauƙi, don zafin mari ba ya kwana. Ni da nake hango katako a kan ƙoƙon kanki, ni ne mai hassada? Shi ne na ce in kin yarda da rufin yayanki ki zauna ƙarƙashinsa. Na juya na hau mota ni kaɗai.

Magana zarar bunu ce, na sani. Amma ke ma, haba! Wace irin mace ce za a faɗa mata magana cikin fushi ta ɗauke ta kamar hukuncin alƙali? Na sake ki ne? Na kore ki ne? Na ɗauka kwana biyu za ki yi ki huce. Na share ɗakinki ranar farko, na share rana ta biyu. Yau shekara tara ina share ɗakin da ba mai taka shi, madubinki yana nan a rataye, ni kuma ina kauce masa don kada ya nuna mini tsohon banzan da ke riƙe da tsintsiya.

Ya sanyin idona, ya zumar da ƙudan zumarta suka fi ta yawa! Kin san yadda labarin guguwar nan ya same ni? Ina fere ƙafar kujera 'yarmu ta kira ni tana kuka, wai mahaukaciyar iska ta bi ta garinku ta share shi, wai ta kira wayarki ba ta shiga. Ban san sanda na rufe akwatin kayan aikina ba. Ban ma kulle shago ba. Na je bakin asibiti inda masu aikin agaji ke taruwa, na jefa akwatin cikin motarsu na bi shi, ba wanda ya gayyace ni. Awa biyu ce tsakanina da ke, awa biyun da na kasa yi a shekara tara, ranar nan kuwa sai na ga kamar direban da baya yake tafiya.

Gani ya kori ji. Na ga kwanon rufi naɗe a jikin bishiya kamar an naɗe tabarma. Na ga gadon ƙarfe a saman tankin ruwa, firij kwance a tsakiyar titi da baki buɗe, turakun wuta sun durƙusa a jere. Na ga bango ɗaya tsaye, babu ɗaki babu ƙofa, agogo rataye a jikinsa ya tsaya a ƙarfe huɗu da kwata. Iskar nan kamar mai bin layi da reza: wannan gefen titi ta aske shi tas, wancan gefen ko shanyar da ke kan igiya ba ta taɓa ba. Mutum shida aka binne kafin mu iso. Ina tafe ina tambayar labarinki. Da na isa gidan yayanki na ga sama a inda silin yake. Rufin gaba ɗayansa ya tashi, ɗungurungum, aka ce a bayan makabarta aka tsince shi. Rafta ɗaya ce ta ƙi bin 'yan uwanta, ta faɗo a gicciye kan gadonki, daidai inda kike sa kai.

Shekara tara ina wasa kalma ɗaya kamar wuƙa, ina jiran ranar da zan tsaya a tsakar gidan nan in ce, "Ban faɗa ba?" Ga ranar ta zo, ga ni ga tsakar gidan, sai gaskiyar tawa ta koma toka a bakina. Wace irin gaskiya ce wannan da sai katako ya nemi kanki kafin a yarda da ita? Da ma ni ne maƙaryacin! Da ma rufin ya zauna shekara ɗari, a yi ta yi mini dariya har kabari! Sai ga yayanki zaune a kan buhun siminti da bandeji a ka, ya tsufa, ya koɗe. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai ya riga ni. Ya ce, "Kafinta, ka faɗa." Kin ji mugun mutum? Maganar da na yi wa tanadin shekara tara, ita ma sai da ya ƙwace mini! Na rasa abin yi, na tsinci kaina ina gyara masa bandeji.

Shi ya nuna mini makaranta, inda ake dafa wa mutane abinci. Can na hango ki a gaban babbar tukunya, hannun hagu rataye a wuya, na dama riƙe da ludayi. Kin rame. Furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinki ba ta nemi izinina ba. Amma tsayuwar nan tana nan, ta bishiyar da ta ga damina sittin ba ta sunkuya wa ko ɗaya ba. Na ɗauki kwano na bi layi kamar kowa. Da layi ya zo kaina kika ɗago. Na ga ludayin ya tsaya, na gani da idona, kada ki musa. Sannan kika zuba mini, kika dubi bayana, kika ce, "Na gaba."

Na gaba! Shekara arba'in da huɗu da aure, 'ya'ya biyar, biyu a ƙasa uku a raye, a ce mini "na gaba"? To amma na lura nama uku kika sa mini, na gabana ɗaya ya samu. Wannan ma ina son bayaninsa.

Bari in gaya miki wulaƙancin da na sha a garin nan saboda ke. Shugaban masu agajin wani ne mai rigar ruwan lemo da usur a wuya, shi ya sa nake kiransa Mai Usur. Na ce masa ni kafinta ne, a nuna mini tsani. Ya tambayi shekaruna, ya tambayi takardar shaidar sana'a. Na miƙa masa tafin hannuna na ce ya karanta. Ya ce dokarsu wanda ya haura sittin ba ya hawa sama, kuma "Baba, akwai aikin da ya dace da kai." Ina ji ina gani aka ba wani malamin banki guduma, yana riƙe da ita kamar an ba shi jaririn wani, ni kuma aka tura ni ɗakin tsintuwa a makarantar nan tare da tsofaffin mata uku. Ki duba ikon Allah, ni da ban taɓa shiga aji ba, sai da na kai saba'in da ɗaya aka zaunar da ni a bencin 'yan aji biyu, gwiwata tana taɓa haɓata.

Kin san aikin, ko da yake ba ki taɓa leƙowa ba, kuma na san dalili. Iskar ta kwashe takardun mutane ta watsa a gonaki, masu agaji suna tsintowa buhu buhu. Mu ne masu ɓamɓare su a hankali, mu goge laka, mu shanya a igiya, waɗanda suka bushe mu jera a tebur mu danne da dutse, masu su su zo su duba. Katin asibiti, takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa, hoton aure rabinsa ya narke. Kwana biyu ina yi ina tsaki. A rana ta uku telan garin nan, wanda matarsa tana cikin shidan, ya shigo ya bi tebur ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan wani ɗan hoto da na kusa jefarwa. Ya ɗauka da hannu biyu kamar garwashi. Tun daga nan na daina tsaki. Fushin dai ban daina ba.

Rana ta huɗu, ana tsakar rana, wani manomi ya shigo da gwangwanin biskit da ya tsinta a gonarsa, tafiyar awa guda daga nan. Murfin ya fashe, ruwa ya shiga. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta zazzage shi a gabana tana dariya, wai wane ne wannan mai rubutu kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

Rubutuna ne.

Ya hasken gidana, ya malamata ta farko da ta ƙarshe! Wa zai gane rubutun nan in ba ni da ke ba? Ke kika koya mini shi ina da shekara hamsin, ranar da na dawo ina huci don an sa ni dangwala yatsa a gaban yaran da na haifa. Kika ɗauko guntun katako daga shara, kika zare fensirin da ke bayan kunnena, kika kama hannuna. Kin tuna? Hannunki a kan nawa kamar ganye a kan dutse. Kina cewa, "Sassauta, Kan-guduma, harafi ne ba ƙusa ba," ni kuwa ina dannawa har fensirin ya karye. Kika yi dariya har kika riƙe ciki, na yi fushi na tashi, kika jawo ni da gefen riga na zauna. Wata shida muna yi bayan la'asar, a kan guntayen katako, har na rubuta sunanki ba kuskure. Katakon yana nan rataye a bangon shagona. An sha neman in sayar da abin da ke jikin bangon nan, shi kam ko ƙura ba na bari ta kwana a kansa.

To ga wasiƙuna tara a kan bencin 'yan aji biyu. Na ƙirga, ba wadda ta ɓace. Fensirin kafinta ba ya tsoron ruwa, kowane harafi yana nan daram. Ni da na shekara tara ina cewa a murhu kike jefa su, ina gaya wa direban motar kasuwa da ke kawo miki su cewa wahalar banza yake yi! Ashe duk a buɗe suke. Ashe an ninke su an warware har sun tsage a kan ninki, an bi tsagar da zare da allura an ɗinke, ƙananan ɗinki a jere, irin wanda kike yi wa aljihun rigata. Ta shekara ta huɗu, wadda na rubuta ina zazzaɓi, gefenta har ya yi baƙi don taɓawa. Wa ya taɓa ta? Aljanu?

A ƙarƙashinsu kuma akwai takarda ta goma, ba tawa ba. Taki ce, da alƙalamin tawadar nan na marigayi babanki da kike ji da shi. Shafi guda cike, gaba da baya. Tawada kuwa ba fensir ba ce. Ruwa ya wanke ta, ta koma shuɗin gajimare tun daga sama har ƙasa. Na kai ta rana, na kai ta inuwa, na ɗaga ta a taga, na ari tabarau ɗin tsohuwar nan. Layi biyu kacal suka tsira, can sama inda murfin ya kare. Na farko: "Zuwa ga Kan-guduma." Na biyu: "Da ka zo da kanka"

Shi ke nan. Sauran iska da ruwa sun karanta, ni mai ita ban samu ba.

Da na zo da kaina, me? Me zai faru? Da kin biyo ni? Da kin rufe mini ƙofa? Da kin janye kalmar hassadar nan? Ke wace irin baiwar Allah ce, ki cika shafi gaba da baya, ki ninke, ki sa a gwangwani ki rufe? Direban da ke kawo miki tawa, ba ya komawa ne? Kina can kina jiran ƙafata, ina can ina jiran takardarki, awa biyu a tsakaninmu, shekara tara! Jakuna biyu a kan siririyar gada, kowa ya kafe, har sai da Allah ya aiko iska ta fasa gwangwani. Kuma kada ki ce laifina ne ni kaɗai. Na yarda da rabi. Rabi na ce, kada ki ƙara mini ko ƙwayar zarra.

An kafa mana doka duk abin da aka tsinta a ajiye a tebur. Ban ajiye ba. Wasiƙu taran ni na rubuta su, ta goma kuma sunana ne a kanta. Na zuba su a aljihu, na ɗauki akwatina, na fita daga ajin nan ban nemi izinin kowa ba. Na jingina tsani a bangon ɗakinki na gidan yayanki. Mai Usur ya biyo ni yana busa, ya busa har ya gaji, na ce masa in yana da takardar da ta hana miji rufe ɗakin matarsa ya hawo ya nuna mini. Bai hawo ba. Na fasa bulo layi uku, na binne langa-langa, na tsinto katakon da bai karye ba, na miƙe kwanon da zai miƙu. Yayanki ne ke miƙo mini ƙusa da bandejinsa. Malamin bankin nan ya zo ya tsaya kallo, na ce kallo ba ya rufe ɗaki, ya riƙe mini nan. Kwana uku muka yi. Jiya sai ga Mai Usur da kansa, ya kai ni bayan tsohon gidanku ya nuna mini ɗakin ajiyar da ya tsaya shi kaɗai a layin, ko kwano ɗaya bai ɗaga ba, wai an ce ni na rufa shi. Na ce ƙwarai, ina ango, kuma amaryar ce ta riƙe mini tsani tana cewa in na faɗo ba za ta yi takaba ba. Yanzu wai so yake in koya wa mutanensa ɗaurin langa-langa kafin a rufa sauran gidajen. Na ce sai ya kawo takardar shaidar cewa zai iya koyo. Amma na koya musu. Ba don shi ba, don telan nan.

Ɗakinki ya rufu, kurciyata. Kowace rafta na ɗaure ta da hannuna, ƙusa huɗu, baki a lanƙwashe. In wata iskar ta zo sai dai ta ɗauki garin da ƙasarsa. Ki lura da kyau: ban rufa shi don ki ƙara shekara tara a ciki ba. Na rufa ne don kada a ce na ɗauke ki saboda ba ki da wurin kwana. Yanzu kina da rufi biyu, duka nawa, ki zaɓa da ƙoshin ranki.

Jibi da hantsi motar masu agaji za ta koma. Akwai wurin mutum biyu a gaba, na riga na yi faɗa da direba a kai. In kin ce mu tafi, ɗakinki na gidana a share yake. In kin ce garin nan bai gama warkewa ba, ba za ki bar tukunyar nan ba, to akwai rufi sittin da ke jiran mai ɗaure su, in sauke akwatina in zauna. In kuma cewa za ki yi in tafi ni kaɗai, ki faɗa da bakinki, ki dubi idona, zan hau motar ban waiwaya ba, ko da zuciyata za ta tsage kamar katakon da aka kafa wa ƙusa a baki. Abu ɗaya ne ba zan karɓa ba: shiru. Masu cewa shiru ma amsa ce ba su taɓa share ɗakin da ba kowa ba.

Wannan takardar ba zan ba direba ba, ba zan ba kowa ba. Da ƙusa zan kafe ta a sabuwar ƙofarki, inda ba iskar da za ta ɗauke ta, ni kuma in zauna a kan akwatina a gindinta. Ki karanta ina kallonki. Kada ki nemi alƙalami, na gaji da tawada. Shafi guda ne gaba da baya, na san kin haddace shi, ke da ba ki manta kalmar da na faɗa shekara tara da suka wuce ba. Ki fara daga inda ruwa ya cinye.

Ga ni na zo da kaina. Sai me? Ki amsa mini!

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a auna ni da tef a yanko mini katakon ƙarshe, wanda bai taɓa duban wata ba ko a cikin fushi, kuma har yanzu yana kan bakansa a maganar rufin,

Kan-guduma